Motocina na Abijan

Zuwa ga Yaya Habu, a Maraɗi.

Ina Inna da ciwon ƙafarta? Saƙonka ya iso, wai mutanen unguwa na tambaya wace irin mota na saya a shekara huɗun da na yi a Abijan. Ka gaya musu kowace ƙira ina da ita, direbobi ne kawai na bar wa su riƙe mini.

Da asuba nakan fito daga Abobo zuwa Ajame a doguwata, wadda ake kira gbaka. Kiya-kiyarmu ce, sai dai ta fi tsayi da tsufa. Karen motar, a nan aparanti, yana rataye a ƙofa kamar jemage, ƙafa ɗaya a iska. Ranar Talata ya ce ba shi da canji, ya miƙa mana jaka guda ni da wata mai kifi, ya ce mu je mu raba. Yaya, haka muka yi ta zagaya kasuwar Ajame kamar ango da amarya, tana riƙe da gefen rigata kada in gudu da rabonta. Don Allah kada Hadiza ta ji wannan.

Daga Ajame sai in shiga ƙaramata mai ƙofa huɗu da but, woro-woro. Da Julanci woro shida ne, wato dala shida, kuɗin motar a zamanin da. Ashe su ma da dala suke lissafi kamar mu. Sunan ne ya tsaya, kuɗin ya yi gaba. Na Kokodi rawaya ne, na Yofugon shuɗi, tawa kuwa tsatsa ta cinye launin. Ƙofarta daga waje ake buɗewa, sai ka zura hannu ta taga. Ita ke tsallakar da ni gadar De Gol zuwa Tireshibil, inda nake tuyar garba: acake da kifin tuna. Sunan namu ne, sana'ar ma tamu.

Akori-kurata Fijo 504 ce mai rufin tamfol, bashe suke cewa. Na taɓa hawa bayanta tare da kwandunan acake, na sauka ina tsamin rogo har Juma'a.

Tasi ruwan lemo mai mita kuwa gaisuwa kawai muke yi daga nesa. Jif-jif ɗina suna Filato, baƙin gilashi, a jikinsu nake gyara hula. Har mota marar taya gare ni, jirgin ruwan SOTRA, amma cikina bai yarda da ita ba.

Ga jaka goma a ba Inna. Ka karɓe kekena daga hannun Sale kafin ya tsinka sarƙar.

Ƙanenka,
Garba