Taki a Bompai: A Ƙona na Kyauta, a Sayo na Buhu

Manoman karkarar Kano sun daɗe da sanin darajar juji. A da, da rani sukan shigo birni da jakuna, su cika mangala da toka da kashin awaki, su kai gona. Yau kuwa bolar cike take da leda, wadda masana'antun Bompai da Sharada ba sa gajiya da bugawa. Ka zuba ta a lambu, jikanka ma zai tarar da ita lafiya lau.

A manyan gidajen Bompai kuma hikimar daban ce. Kullum safiya mai gadi zai share ganyen mangwaro da na darbejiya, ya tara, ya cinna musu wuta. Da yamma Alhaji ya aiki direba ya sayo takin zamani, yana kukan tsada.

Alhali aikin haɗa taki bai wuce rami ba: ganye, ɓawon kayan miya, kashin kaji, ɗan ruwa, a riƙa juyawa har ya ruɓe cikin 'yan watanni. Sauran ganyen a shimfiɗa gindin shuka ya riƙe danshi.

Alhaji, don Allah a karɓe ashanar hannun mai gadi.