Guzurin da ya fi ƙarfin matafiyi

Ƙanina ƙafar yawo gare shi. Yau Dubai, gobe Alƙahira, jibi ka kira shi ka ji yana Legas yana jiran wani jirgin. Ranar da ya ce zai tafi Ingila, kafin la'asar gidanmu ya koma reshen Kasuwar Kurmi.

Gwaggo ce ta buɗe fage da baƙin akushi, har da faifansa, wai kada yaro ya ci tuwo a robar Turawa. Inna ta biyo da tabarmar kaba wadda ta fi shi tsawo. Kawu, da ko Zariya ba ya zuwa sai da dalili, ya turo tumtum na fata, an ɗura masa auduga tam, ya kuma yi gargaɗi: aikin dukawa ne, kada wanda ya zazzage cikinsa.

Jirgi kuwa kilo 23 ya sani a jaka ɗaya. Wa ya tambaya? A wurinmu kyautar da ba ta sa mai ɗauka nishi ba, rowa ce aka yi mata kwalliya.

Ni da nake ganin na waye, sai na je wurin baduku ya ɗinka mini 'yar jakar fasfo da jar fatar akuyar Sakkwato, mai laushi kamar ƙyalle. Gwaggo ta juya ta gaba da baya, ta ce, "Ɗan nan, laya ce ka yi masa? Duk albashin naka?"

Abin da ba a faɗa shi ne, kowace kyauta da jelarta. Ana miƙa akushi ana cewa, "In Allah Ya sa ka ga rigar sanyi mai arha..." Tabarma ta zo da lambar takalmi. Kawu bai nemi komai ba, sai dai sau uku yana nuna fasasshen gilashin wayarsa. Wannan ai adashi ne, a zuba guzuri a kwashi tsaraba.

A filin jirgin Malam Aminu Kano sikeli ya nuna 41. Muka durƙusa a bainar jama'a muna tankaɗe da rairaya. Kilishi da dambun nama suka fara fita, don Ingila ba ta barin a shigar mata da nama daga nan. Masu rakiya suka yi musu jana'iza nan take. Jakata kaɗai ta haye, duk da fasfo ya ƙi shiga cikinta, ashe baduku da katin banki ya auna.

Jiya Kawu ya kira ƙanin nawa yana tambaya ko Turawa sun yaba tumtum. Ƙanina ya ce, "Ai Kawu, layi ake yi a zauna." A kan tumtum ɗin nake zaune nake wannan rubutu, kunnena na bakin ƙofa ko zan ji sallamar Kawu.