Yadda ake jiran jirgin Jidda a Yamai

Na farko, kada ka yi bankwana da kowa. Mutumin Gazawa ko Agye in zai tafi Umra sai ya bi gida-gida neman gafara, a rako shi tasha har da hawaye, ya sha zaman mota na kilomita sama da 700, ya isa filin jirgin Diori Hamani, sannan wani yaro mai ɗamarar wuya ya ce masa jirgin bai ma taso daga can ba. To, ina za ka? Gida dai ba ya komuwa. Wanda ya yafe maka bashi don za ka Ɗakin Allah yana nan zaune bakin kasuwa, kuma yafiyar ta tafiya ce.

Sai waya. "Alhaji, kun sauka lafiya?" Kana kwance kan tabarmar wani ɗan'uwa a Yamai, sauro na cin rabonsa, Inna tana tambayar ko da sanyi a Madina. Ka ce ba ku tashi ba, ta ce to madalla, tunda da sauran lokaci ga Hajiya ta Gidan Rumji za ta ƙara saƙo. Dabino ya zama dabino da darduma, darduma ta haifi agogo. Duk daren da jirgi ya ƙara, sai kayan tsaraba su yi nauyi, guzuri ya rame.

Na biyu, kilishi kashi biyu: na hanya da na jiran hanya.

Na uku, ko na nawa ne ma, ka san kana da haƙƙi. Wallahi akwai shi, a rubuce. Tun 2003 ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke ciki, ta kafa dokar diyya ga fasinjan da aka hana shiga jirgi, ko aka soke tafiyarsa, ko aka yi masa dogon jinkiri. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ɗora wa kamfani asarar jinkiri, sai in ya nuna ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Wanda ya taso daga Turai ya makara awa 3 yana iya karɓar har yuro 600, kusan jika 400 na sefa, yana ma fushi. Mu kuwa an ba mu ruwan leda da "a ƙara haƙuri", muka ce Allah ya saka da alheri.

Wannan godiyar ce ke ƙona mini rai. Dattijo ya sayar da bijimi da buhunan gero ya biya kuɗin kujera cif, ba a rage masa dala ba, amma in ya tambayi inda zai kwana sai ƴan'uwansa fasinjoji su fara yi masa wa'azin ƙaddara. Hazo ƙaddara ne, mun yarda. Barin tsohuwa kan tayil har asuba kuma aikin wa ne?

Sauran shawarwarin sun bi guzuri. Abin da ya rage: ka adana tikiti da takardar shiga jirgi, ka karɓi rasit ko na shayi ne, ka ce a rubuta maka dalilin jinkirin a buga hatimi. In an ƙi, ka kai kuka ANAC, hukumar kula da sufurin jiragen sama. Malam, tambayar abinci da masauki ba ta rage ladan Umra.