Alhaji, Mayar da Bironka Aljihu

Alhaji, mayar da biron nan aljihu, ba ƙwace maka zan yi ba. Abin da na ce kawai shi ne, mutum zai iya ɗaukar hoton sa hannunsa sau ɗaya, ya gyara shi a kwamfuta ko a waya, ya adana, duk ranar da aka turo masa takarda sai ya ɗora. Ban rufe baki ba har kun haɗe rai. Wannan ya ce aikin 'yan damfara ne, wancan ya ce a bar su da abin da suka gada. Wane gadon? Kakanku dangwala yatsa yake yi, in kuwa alƙali ne ko basarake, hatimi yake bugawa. Shi hatimin mene ne, in ba sa hannun da aka sassaƙa sau ɗaya ake ta maimaitawa ba? Sarakunan Santambul ma, har da Sulaiman da ya yi mulki daga 1520 zuwa 1566, tambarin sunansu da ake kira tugra ma'aikacin fada ne ke zana shi a saman takarda, sarki na can yana sha'aninsa. Ku da kuke tinƙaho da gado, biro ne baƙo a gidanku.

Bari in tuna muku yadda kuke yi yanzu. An turo fom ta WhatsApp bayan la'asar, an ce a cike a mayar kafin magariba. Ka tari adaidaita sahu zuwa shagon buga takardu, ka tarar ba wuta, yaron shago ya ce in za a tayar da janareta kuɗin ya ƙaru. A buga, ka sa hannu, a ɗauki hoton takardar a karkace, da babban yatsan yaron a gefe, a tura. Duk wannan ɗawainiya saboda wani zane mai kama da sawun kaza da ba ya cin daƙiƙa uku.

To, ga yadda ake yi, mai shakka ya matso, gani ya kori ji. Farar takarda za ka samu marar layi, da baƙin biro mai kaurin baki. Ka sa hannu sau goma. A nan za ka fara jin kunya, domin za ka ga babu biyu da suka zo daidai, kai da kake rantsuwa cewa naka ba ya canzawa tun kana sakandare. Zaɓi wanda ya fi kama da kai ranar da ka ƙoshi. Ka kai takardar bakin taga da rana, kada ka kunna fitilar kyamara, ka riƙe wayar sambal a samanta, ka kuma kauda kanka, don inuwar hularka ba ta cikin yarjejeniya.

Sai manhajar gyaran hoto. Mai hali ya buɗe Photoshop, wadda ta fito tun 1990 kuma yanzu kuɗin wata ake biya mata kamar gidan haya. Irina sai GIMP, wadda wasu ɗalibai biyu na jami'ar Kalifoniya da ke Bakli suka fitar a 1996, kyauta har gobe. A waya ma akwai irin su PicsArt da samarin unguwa ke haɗa katin biki da su. Ka datse gefen hoton ya rage sa hannun kaɗai, ka ƙara haske har takardar ta yi fari fat, tawadar ta yi baƙi wuluk. Daga nan ka cire farin gaba ɗaya. A GIMP umarnin sunansa Color to Alpha, dannawa ɗaya ne. Za ka ga bayan rubutun ya koma ƙananan murabba'ai masu ruwan toka kamar allon dara. Hajiya, kada ki yi salati, wayar ba ta lalace ba. Haka manhaja ke nuna cewa babu komai a wurin, rubutun ne kaɗai ke tsaye.

Wajen adanawa gizo ke saƙa. PNG za ka zaɓa, shi ne ya san yadda ake barin wuri wayam. JPEG bai san wannan ba, duk inda ya ga fili sai ya shafe shi da fenti. Ni ma na sha wannan kashin. Karon farko da na yi, na ɗora nawa a kan wata takarda mai ruwan ƙwai, sai ga shi ya fito da farin faci kamar an yi wa tsohuwar riga ƙari da sabon yadi, ya kuma rufe rabin sunana da ke ƙasa. Wanda na tura wa bai ce komai ba, illa ya tambaye ni ko da gam na manna. In kuma za ka tura fayil ɗin daga waya zuwa kwamfutarka ta WhatsApp, tura shi a matsayin takarda, don in ka tura shi a matsayin hoto, facin zai dawo.

Ku kuma samari da kuke ta gyaɗa kai kuna dariyar su Alhaji, ku dakata, ban manta da ku ba. Na ga naku. Sa hannu mai ruwan zinare, da kambin sarauta a sama, da zaki a gefe, wuta na tashi daga harafin ƙarshe. In tela ne ko mai ɗaukar hoton biki zai sa a kusurwar aikinsa don kada wani ya ce nasa ne, madalla, a ƙara masa walƙiya ma. Amma takardar hayar shago ba ta buƙatar zaki.

Yanzu ga babbar hujjarku: in wani ya sace fayil ɗin fa? Nan kam kun faɗi gaskiya, duk wanda ya same shi zai iya ɗora shi inda ya ga dama. Sai dai ina tambaya, Alhaji, sa hannunka na biro yana ina yanzu? Yana fayil ɗin banki, yana ofishin makarantar yara, yana asibiti, yana jikin kwafin da yaron shago ya ce bai fito da kyau ba ya jefa kwali, ƙarshenta da shi aka ƙunshe wa wani ƙosai. Duk mai waya zai iya ɗauke shi daga can ta hanyar da na gama koya muku. Hoton sa hannu sauƙi ne da kwalliya, bai taɓa zama kwaɗo ba. Mai neman kwaɗo sai ya nemi ɗaya nau'in, wanda ake ƙullawa da makullan lissafi guda biyu, ɗaya na sirri a hannunka, ɗaya a fili don a tantance. Shi wannan, in aka sauya ko harafi ɗaya a takardar bayan ka sa hannu, nan take zai tona asiri. Na hoto kuwa, ka ajiye shi a na'urarka kaɗai, kada ka bar shi a kwamfutar shago, ka mayar da takardar PDF kafin ka tura, wanda kake sawa a hotuna kuma ya bambanta da na banki.

Wani zai ce kotu ba ta san wannan ba. Ta sani. A Najeriya, sashe na 93 na Dokar Shaida ta 2011 ya amince da sa hannun na'ura, haka ma sashe na 17 na dokar laifukan intanet ta 2015 a harkar ciniki, sai dai ita ta ware wasiyya, da takardar haihuwa da ta mutuwa, da sha'anin aure da saki. Ka ga an bar maka rabonka. A Amurka ma, ranar da Bill Clinton ya rattaba hannu kan irin wannan doka a 2000, sai da ya fara sawa da alƙalami a takarda kafin ya zura katin na'ura. Ashe shi ma naku ne.

To, tunda ka dage, ga farar takarda, fito da biron mu gani. A'a, kada ka yarfa shi, kada ka hura masa iska, kada ka goga shi a tafin takalmi. Ya bushe tun kafin azumi, kwalliyar aljihu kawai yake yi. Ungo nawa. Amma in ka gama ka miƙo, na bankin nan da ka ara bara har yau ban gan shi ba.