Ku da kuka ce Arewa ba ta da dala

To, masu taɓe baki, ku gyara zama. Na san tambayarku tun kafin ku yi ta: me ya haɗa Ba'aren Dogon Dutsi da mutanen Maya na can Meziko da Gwatemala? Su sun sassaƙa duwatsu sun tayar da dala a Tikal da Cicen Itza, mu kuwa dutsenmu Allah ne ya dasa abinsa, muka zo muka raɓa, muka ara wa gari sunansa. Taubasaina Fulani har sun fara murmushi. A hankali dai, baffa, kada nonon ya zube.

Bari in fara da abin da kuka fi so, wato yabon na nesa. Tsakanin shekara ta 250 da ta 900 Miladiyya biranen Maya suka yi tashe. Suna da rubutunsu na kansu. Lissafinsu ashirin-ashirin yake tafiya: ɗigo ɗaya ne, sanda a kwance biyar, hoton ƙwanso kuma sifiri. Da alamomi ukun nan suke bin tafiyar wata da ta Zara, suna riƙe da kalanda biyu, mai kwana 260 da mai kwana 365. Wata kalandarsu ta daban ce ta hana wasunku barci a Disambar 2012, da aka ce duniya za ta tashi ranar 21 ga wata. Dogon zagayen ƙidayarsu ne kawai ya cika, wani ya soma. Waɗanda suka biya bashi a makon nan don tsoro, Allah ya ba da lada.

Za ku ce, ai sun ɓace. Wa ya faɗa muku? Mutum fiye da miliyan 6 na magana da harsunan Maya a yau, harsuna wajen 30. Rigoberta Menchu da ta karɓi lambar Nobel ta zaman lafiya a 1992 'yarsu ce. Manyan biranen kudu ne suka watse, bayan yaƙe-yaƙen sarakuna da saran daji da fari mai maimaituwa sun haɗu musu. Talakawa suka kwashi irin masararsu suka yi gaba. Masarar ma da kuke gasawa a tashar Dutsi asalinta daga kudancin Meziko take, don haka mai zagin mutanen nan da zangarniya a hannu ya fara ajiye ta.

Yanzu ku juyo gida. Arewacin Yukatan, a ƙasar Maya, kusan ba shi da kogi, ruwansa yana ƙarƙashin farar ƙasa, a ramuka na halitta da randunan da suka haƙa a dutse. Dallol Mawri fa? Tsohon kwari ne da koginsa ya daina gudu tun zamani mai nisa, amma ruwan yana nan kwance a ƙasa. A wasu fadamun mutum zai haƙa 'yan gabobi kaɗan ya ga yashi ya yi duhu, ya fara tsattsafowa. Shi ya sa rani ke tarar da dankali da rogo da rake da zogale kore shar a kwarin, alhali jigawa ta bushe ƙamas. A 2004 aka sa dallol ɗin a jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Abin da ya riƙe Maya shi ya riƙe mu, abin da ya tarwatsa biranensu kuma bai manta hanyar Tibiri ba. Ku dubi yadda gawo ke raguwa a gonaki, zaizayar ruwa na cin bakin gari.

Na ji wani daga baya yana cewa, to ina sarautarku, ina tsarinku? Malam, a zauna. Gubawa su ne masu ƙasa, Sarauniya a Lugu, Baura a Bagaji. Arawa, waɗanda labarin kaka da kakanni ke danganta su da Ari ɗan sarkin Barno, su suka riƙe mulki: Sarkin Arewa a Matankari, Kona a Dogon Dutsi. Mai ƙasa daban, mai doki daban, kowa ya san iyakarsa. A Lugu ana kai ƙara gaban dutsen Tunguma, a karanta amsa daga motsinsa. In Sarauniya ta rasu kuma akan yi tarkama: a ɗauki gawar, wadda ta nufa ita ce magajiya. Ban ce ku yi imani da shi ba, liman na jina. Na ce dai tsari ne, kuma ba a taɓa jin an sace akwati a wannan zaɓen ba.

Sarauniyar ma ai an ci ta da yaƙi, in ji ku. Haka ne. Ranar 16 ga Afrilu 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, Sarauniya Mangu da mutanenta suka tare ta da kwari da baka, daga baya suka janye cikin kurmi. Amma kafin Yuli ya ƙare, hafsoshin biyu sojojinsu na kansu sun harbe su a yankin Tasawa. Su ma Maya, birninsu na ƙarshe mai 'yanci, Nojpeten, sai a 1697 ya faɗi hannun Sifaniyawa. Ba a ce ba jarumai ba ne don sun faɗi.

Inda suka fi mu, kuma a nan zan ba ku gaskiyarku, shi ne sun rubuta. Limamin coci Diego de Landa ya ƙona littattafansu a Mani a 1562, huɗu kacal suka rage a duniya, amma rubutun jikin dutse ya jira har masana suka warware shi a ƙarni na 20. Namu yana bakin tsofaffi. Marc-Henri Piault ya zo daga Faransa ya tattara tarihinmu na Mawri ya buga a 1970. Abdoulaye Mamani ya rubuta Sarraounia a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Kai da kakarka take Matankari, me ka ɗauko daga bakinta?

Wayar da kake aiko mini da gardama da ita tana ɗaukar murya. Ranar kasuwa ka sayi goro, ka zauna gaban tsohuwa, ka tambaye ta wa ya haƙa rijiyar farko a garinku, kuma wace yunwa ce ta kori dangi zuwa Kabi. Baffa kuwa, in ka yarda ka raka shi, mun yafe maka kuɗin shara na bana.