Ɗakin Takalmin Alhaji

Ranar Asabar a wurin ɗaurin aure, ana tsaka da tambayar sadaki, sai Alhaji ya zuro mini waya ta ƙarƙashin hannun babbar riga. "Ɗana, kai da ka yi boko, duba mini. Wanne zan ɗauka, na Faransa ko na Suwizalan?" Hotunan gidaje biyu ne na katako, kowanne dusar ƙanƙara ta danne masa rufi. Wai gidan hutu ne, a inda Turawa ke zuwa wasan zamiya daga kan tsauni.

Alhajin nan fa, in hunturu ya kama a Kano, ba ya fitowa sallar Asuba sai da hular sanyi a ƙarƙashin rawani da safa biyu a kowace ƙafa. Shi ne mai sa a kashe fanka a masallaci a watan Maris. Amma gidan Dubai ya zama na kowa, na Landan ya tsufa, yanzu a majalisar manya in ba ka ce "can wajenmu a tsaunukan Alps" ba, ko shayi sai a ƙarshe za a miƙo maka.

Dillalin gidajen ya riga ya karantar da shi. Kada ya kuskura ya sayi gida ƙasa da mita 1,800, domin ƙanƙarar ma yanzu ba ta cika alkawari, wuraren da ke ƙasa-ƙasa da inji suke fesa ta. Wannan gaskiya ne, a 2023 wani wuri mai suna La Sambuy a Faransa ya haƙura da sana'ar gaba ɗaya. To tun daga ranar Alhaji ba ya magana sai da mita. Mutumin da bene ɗaya ke sa shi tsayawa ya dafa gwiwa, shi ke raina tsaunin da bai kai dubu biyu ba. Ya fi son Courchevel ta Faransa saboda akwai filin jirgi. Ban gaya masa titin saukar mita 537 ne kacal ba, a karkace kuma a jikin dutse. Na san addu'o'in da yake ja a jirgi daga Kano zuwa Abuja.

Na Suwizalan kuwa da sauran magana. Tun 1983 suke da doka cewa baƙo ba ya sayen gida sai da izini, izinin gidajen hutu a ƙirge yake, 1,500 a shekara ga ƙasar duka, kuma girman gidan a ƙa'ida ba ya wuce murabba'in mita 200. Zauren Alhaji kaɗai ya kusa haka. A 2012 kuma suka kaɗa ƙuri'a cewa gidajen hutu kada su haura kashi 20 cikin ɗari na gidajen kowane gari, don sun gaji da kallon tagogi a rufe yawancin shekara yayin da 'ya'yansu ke neman ɗakin haya. Sayen gidan ma ba ya ba ka izinin zama. Bizar nan dai ce ta kwana 90 cikin 180, ka bi layi kamar kowa.

Duk wannan bai shiga kunnensa ba. Abin da ya tafi da hankalinsa hoto na bakwai ne. "Ka ga nan? Ɗakin takalmi ne."

Ɗaki ne sosai, jama'a. Da ƙofa, da fitila, da benci mai laushi. A jikin bango an jera ƙarafa masu fitar da ɗumi, kowane takalmin zamiya da nasa, a kife shi ya kwana yana shan zafi har gari ya waye. Takalmi! Abin da mu muke cirewa a bakin ƙofa, akuya ta shinshina, yaro ya ɗauke ƙafa ɗaya. A can ba a taɓa ɗauke masa wuta. Yana da makulli, yana da mai shara, ina jin har inshora yana da ita. In aka raba kuɗin gidan ɗaki-ɗaki, abin da ya faɗa kan takalmin zai gina gida a Rijiyar Zaki har da katanga. Na tambayi Alhaji ko ya taɓa sa irin takalmin. Ya ce a'a, amma dillali ya ce ana sayarwa a ƙasan gidan. Wato za a sayi gida don ɗakin, a sayi takalmi don kada ɗakin ya zauna haka nan, sannan a nemi ƙafar da za ta shiga ciki. Ta Alhaji dai ba za ta shiga ba, likita ya hana shi ko tsallaka kwata.

Ni abin da ya tsaya mini a wuya, maigadinsa na nan Kano a ɗakin kwano yake kwana, da buhu yake toshe taga, kuma sai ya yi ta zarya kafin albashinsa ya fito. An ce wai kasuwa ba ta tafiya. Wannan ba abin dariya ba ne, ban kuma yi ba.

Sannan wa ya yi tunanin tsaraba? Mai dawowa daga Makka da dabino da zamzam yake zuwa, na Dubai da turare, ko na Zariya ba ya rasa ɗan abin da zai riƙo. Wanda ya dawo daga kan ƙanƙara fa? Mata za su cika falo, a buɗe akwati, a tarar da cakulan da cuku mai warin da zai sa Hajiya ta ce a fitar da shi waje. Ƙanƙarar ba ta ɗaukuwa. Dangi kuwa ba sa karɓar hoto a madadin atamfa, kuma gorin da za a yi masa sai ya kai wata Sallah.

Da aka shafa fatiha ya sake matsowa. "To, wanne?" Na ce, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ka ɗauki na Faransa. Amma ka fara biyan maigadi.