Makanta Kyauta a Kan Titi

Yanzu mutum in ya sayi tsohuwar mota, kafin ya duba burki sai ya garzaya wurin mai wayarin, a cire masa ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa, a sa farin LED. Da dare kuma ya hau titi yana raba wa jama'a makanta kyauta.

Madubin da ke cikin gidan fitilar an ƙera shi ne daidai da siririn zaren ƙwan halojin, don ya tattara haske ya kwantar da shi a kwalta. In aka cusa masa LED, hasken na fitowa daga wani gurbi dabam, sai ya fantsama: rabi kan rassan bishiya, rabi cikin idon mai tahowa. Ramin da ke gaban motar kuwa yana nan yana jiran taya.

A Birtaniya, tun 2021, motar da aka yi wa wannan dashe faɗuwa take a gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, sai dai tsohuwar da ta girmi Afrilun 1986. Jamus ta fara yarda a 2020, amma sai ƙwan da hukuma ta gwada, a motocin da ta lissafa.

A hanyar Kano zuwa Kaduna kuwa, alƙalin shi ne direban tirela. Ka kashe masa ido, ya kunna maka duk nasa, ka gangara gefe kana salati. Ba tara, ba ɗaukaka ƙara.